Sayen gireda ba wuya, riƙonta ne aiki

Makon jiya wani uzuri ya kai ni sakatariyar wata ƙaramar hukuma. A bayan ofishin sashen ayyuka na tarar da gireda, wato injin kankare hanya, a durƙushe, tayoyinta shida duk sun sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta har ta kai matakalar direba. Gefenta wata tifa ce an ɗora ta a kan duwatsu. Mai gadin wurin ya ce mini giredar ba mutuwa ta yi ba, famfon mai ne ya lalace, aka rubuta takarda aka kai sama, har yau ana jira.

A ranar, ina hanyar komawa gida a kan burjin da ruwa ya yayyanka, na ji wani ciyaman a rediyo yana alƙawarin sayo sababbin injunan gyaran hanya. Raina ya ɓaci, domin na san inda za su ƙare idan aka saye su yadda aka saba.

Ra'ayina shi ne kada wata ƙaramar hukuma ta ƙara sayen babban injin hanya sai ta fara ware kuɗin da zai riƙe shi, a asusu na dabam, ana zubawa duk wata. Kuma ba dole ne kowace ta mallaki nata ba. Maƙwabta huɗu ko biyar su haɗa ƙarfi su riƙe injuna kaɗan masu aiki ya fi a ce kowa yana da gawar inji a bayan ofis.

Hanyar ta wa ce?

Kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi a jadawalinsa na huɗu, kuma gina hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su yana ciki ƙarara. Wajen kashi biyu bisa uku na tsawon hanyoyin Najeriya na karkara ne, a hannun ƙananan hukumomi 774, akasarinsu kuwa burji ne ko jar ƙasa zalla.

Ta nan buhun masara yake bi kafin ya isa Saminaka ko Dandume. Ta nan gero da wake suke bi zuwa Dawanau, ta nan kwandon tumatir yake fitowa daga gonakin rani zuwa Kwanar Gafan. Idan hanyar ta yanke a watan Agusta, mai akori-kura ya ƙi shiga, ko ya ninka kuɗin ɗauka, manomi ne yake biya. Idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare, a kan wannan hanyar ake goya mace a babur.

Daga asusun tarayya ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin 100, jihohi 26.72, tarayya 52.68. A takarda ke nan.

"Ina kuɗin?"

Wannan ce amsar da kowane ciyaman zai fara ba ka, kuma akwai gaskiya a ciki. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana faɗawa asusun haɗin gwiwa na jiha, a cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya, a cire fansho, a cire kason masarauta, a cire kuɗin "ayyukan haɗin gwiwa". Abin da ya rage da ƙyar yake riƙe ofis. Ga mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun 2024.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai za su riƙe kuɗin, ban da na riƙon ƙwarya. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, wannan kowa ya gani. Ina cikin masu cewa a cika hukuncin nan ba tare da wani kwane-kwane ba.

Sai dai ina tsoron ranar da kuɗin zai sauka a hannun ciyamomi ba tare da wata ƙa'ida a ƙasa ba. Abin da zai fara faruwa shi ne rige-rigen saye. Wa'adin ciyaman gajere ne, a jihohi da yawa shekara uku ne ko ma ƙasa da haka. Sabon inji ana ganinsa, ana yanka kyalle a gabansa, ana ɗaukar hoto. Juyen mai ba mai ganinsa.

Tsarin kasafin kuɗin ma yana taimaka wa wannan ɗabi'a. Sayen inji yana shiga ɓangaren manyan ayyuka, inda ake ware maƙudan kuɗi a lokaci guda. Dizal da kayan gyara da alawus ɗin direba kuwa suna cikin kuɗin gudanarwa na yau da kullum, wanda shi ake fara zaftarewa duk watan da kaso ya yi ƙasa. Ta haka ake samun injin miliyoyi masu yawa yana zaune shekara guda saboda wani ƙarfe da bai kai kuɗin babur ba.

Abin da inji yake ci

Manomin da ya sayi shanun huɗa ya san ba ranar saye ake gama kashe kuɗi ba. Akwai harawa da dusa na dukan rani, akwai allura, akwai yaron da zai kula da su. Wanda ba shi da halin wannan, haya yake ɗauka. Lissafin gireda ma haka yake, sai dai ita cinta ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Ba da kilomita ake ƙidaya rayuwar waɗannan injuna ba, da awa ake yi. Kowane yana da agogon da yake nuna awa nawa ya yi aiki. Littafin kamfani yakan ce a juye mai a canza matata bayan awa 250 ko 500, gwargwadon irin injin. Wuƙar da take kankare ƙasa tana cinyewa, dole a sauya bakinta. Taya guda ta gireda kuɗi ne mai nauyi, ga su shida. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska cikin 'yan kwanaki. Gurɓataccen dizal na bakin hanya yana kashe famfo.

Kusan duk waɗannan daga waje ake shigo da su, ko injin Caterpillar ne, ko Komatsu, ko na Sin irin su XCMG da SDLG. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A 2024 ta haura 1,500. Dizal ya zarce naira 1,000 kowace lita. Duk hukumar da ta sayi inji kafin nan ba ta ajiye komai ba, ta wayi gari gyaran ya fi ƙarfinta.

Gireda kuma ba ta aiki ita kaɗai. Idan ta kankare busasshiyar ƙasa ta wuce, gari kawai ta bari, iska ta kwashe rabi, ruwan farko ya tafi da saura. Ana bukatar tankar ruwa ta jiƙa, rola ta daddaɓe, tifa ta kawo burji inda ya ƙare. Sannan a yi wa hanyar doro a tsakiya domin ruwa ya gangara gefe, a buɗe masa lambatu ya wuce. Hanyar da ta zama kwari a tsakiya, rafi ce take jiran damina.

To a duba. Ƙaramar hukuma guda, a ce ta sayi gireda da rola da tanka da tifa da tirelar ɗaukar su, ta riƙe direbobi da bakanike, alhali aikin kankara mai kyau yana da lokacinsa. Ƙarshen damina ne, wajen Oktoba, ƙasa tana da sauran danshi kuma amfanin gona yana shirin fitowa, sai kuma gabanin faɗuwar ruwa a share magudanai. Sauran watanni injunan suna zaune, rana tana cin roba, ɓarayi suna zare batir. Wannan asara ce ko da babu wanda ya ci ko kwabo.

Shi ya sa na ce a haɗu. Ƙananan hukumomi huɗu ko biyar da suke iyaka da juna su riƙe garejin injuna guda. Kowace ta ba banki umarni na dindindin, ranar da kaso ya shigo a cire wani abu ƙayyadadde a zuba a asusun garejin, tun kafin a taɓa komai. Duk wadda za ta yi amfani da inji ta biya da awa, bisa farashin da aka bayyana wa kowa. A cikin kuɗin kowace awa akwai na dizal, akwai na gyara, akwai na direba, akwai kuma kuɗin tsufa, wato abin da ake tarawa domin ranar da injin ya gaji a sayi wani ba tare da an je roƙo ba. Wannan na ƙarshen shi ne ban taɓa ganin an yi maganarsa a wurin bikin ƙaddamar da inji ba, kuma shi ne gishirin lissafin.

"Ai wani asusun haɗin gwiwar ke nan"

Na san za a faɗi haka, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma akwai bambanci. Gwamna ba ya cikin masu sa hannu. Kuɗin abu ɗaya yake yi. Kuma aikin inji yana da wuyar ɓoyewa idan ana son a gani. Agogo ya nuna awa kaza, littafi ya nuna lita kaza, hanya kuma tana nan a shimfiɗe, ko an kankare ta ko ba a kankare ba. Yanzu har na'urar bin sawu ake maƙala wa injuna, a ga inda suke ta waya.

A fitar da jadawali tun kafin ruwa ya ɗauke: wannan mako hanyar gari kaza, mako mai zuwa ta gari kaza. A manna shi a sakatariya da ƙofar hakimi, a karanta a rediyo. Idan an gama, dagaci da shugaban direbobin tashar garin su sa hannu. Direban da yake bin hanya kullum ya fi kowane mai binciken kuɗi sanin ko an yi aiki.

Abin da ya fi kashe injunan hukuma bayan rashin gyara shi ne aro. Babban mutum zai share fili, a tura masa katafila da man hukuma, ta dawo da matsala. Idan inji na hukumomi biyar ne, ciyaman guda ba zai iya ɗaga waya ya bayar da shi ba, domin akwai huɗu da za su tambaya. Mai son haya ya biya farashin awa kamar kowa, kuɗin ya shiga asusu. A lokacin rani ma haka ake so, injin ya yi haƙar tafki ko madatsar ruwa ga ƙungiyoyin manoma da makiyaya, ya ciyar da kansa.

Ban ce sata ba za ta yiwu ba. Na ce a nan tana da saurin tonuwa.

"A ba 'yan kwangila kawai"

Ɗan kwangila yana da wurinsa. Shimfiɗa kwalta da gina gada aikinsa ne. Ƙananan hukumomin cikin birni ma, irin su Fagge ko Tarauni a Kano, inda masu bayar da hayar injuna suke kusa, haya ta fi musu sauƙi, ban ga dalilin da zai sa su sayi gireda ba.

Amma gyaran hanyar karkara ƙananan ayyuka ne a warwatse, kuma na gaggawa. Kwalbati ya karye yau, nan da mako biyu ya zama kwazazzabo. Kafin a rubuta takarda, a tallata, a zauna, a amince, damina ta wuce. Ɗan kwangilar da zai ɗauko inji a tirela daga birni saboda kilomita uku sai ya ɗora kuɗin jigila, sannan ya ɗora na jiran biya, domin ya san zai yi watanni yana sintiri a ofishin ma'aji. Daga ƙarshe a ce aikin ya yi tsada a fasa, a jira hanyar ta mutu gaba ɗaya a bayar da babbar kwangilar sake ta. Mun ga wannan tun zamanin DFRRI, hukumar da gwamnatin Babangida ta kafa a 1986. An buɗe hanyoyin karkara masu yawa, aka miƙa su ba tare da kuɗin kula ba, da yawansu suka koma yadda suke.

"A bar wa jiha"

Jihohi suna da hukumomin gyaran hanya, kamar KARMA a Kano da JIRMA a Jigawa da KADRA a Kaduna. Suna da injiniyoyi da gareji. Amma Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, Katsina 34, Jigawa 27. Hukumar da take hedikwata dole idonta ya fi zama a kan titunan birni da manyan hanyoyin jiha, ba laifinta ba ne, aikin da aka ɗora mata ke nan. Ƙauyen da yake can ƙuryar Doguwa ko Birniwa zai daɗe a layi.

Taimakon da jiha za ta yi shi ne ta haɗa odar garejoji duka a sayi iri ɗaya, domin kayan gyara su yi sauƙin samu kuma farashi ya sauko. Ta buɗe babban garejinta ga gyaran da ya fi ƙarfin na karkara. Ta kuma biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarta da doka ta ce ta ba ƙananan hukumomi. Wannan kaɗai da zai shiga asusun injuna, da an ga canji.

Akwai wani gibi a sama ma. Gyaran da aka yi wa dokar FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, a 2007 ya tanadi kashi 5 cikin 100 a kan farashin fetur da dizal domin gyaran hanya, kashi 40 na kuɗin ga FERMA, 60 ga hukumomin jihohi. Shekaru ana ƙorafin ba a aiwatar da shi ba. Ko da an aiwatar, babu sunan ƙaramar hukuma a rabon, alhali ita ce mai mafi tsawon hanya. Mai babur ɗin ƙauye yana shan fetur kamar kowa. Duk ranar da majalisa ta koma kan wannan doka, a sa hanyarsa a ciki.

Bashi da shingen hanya

Wasu za su ce a ci bashin banki a saya, a riƙa biya a hankali. A ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5, na bankunan kasuwa ya fi haka. Ciyaman ya ci bashi ya tafi, magajinsa ya tarar ana cirewa daga tushe, injin kuma ya riga ya tsaya. Ban yarda da wannan ba. Idan dole ne a saya da biya a hankali, akwai tsarin ijara, wato haya irin ta bankin Musulunci, da bankuna irin su Jaiz da TAJ suke yi, kuma gwamnatin tarayya kanta tun 2017 take gina hanyoyi da Sukuk, wato takardun tara kuɗi marasa kuɗin ruwa. Sharaɗina shi ne gyara da kayan gyara na shekarun biyan su kasance a cikin yarjejeniyar, a rubuce.

Wasu kuma mafitarsu ita ce a ƙara tara kuɗin shiga, abin da a aikace yake nufin samari da katako mai ƙusoshi a tsakiyar hanya suna tare motar hatsi. Dokar haraji ta 1998 ta haramta kafa shinge a hanya domin karɓar haraji. Zalunci ne a karɓi kuɗi a hannun direba a kan ramin da ya karya masa sifirin.

Kasuwa da tasha dai na ƙaramar hukuma ne, kuma ana yankar rasit a cikinsu duk ranar kasuwa. A ware wani kaso na wannan kuɗi, a ce na hanyoyin da suke ciyar da kasuwar ne, a rubuta a allo a bakin ƙofa nawa aka tara, nawa aka kashe. Tun da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a Jamhuriya ta Biyu, talaka ya nuna ba ya son biyan abin da ba ya ganin amfaninsa. Amma wannan talakan ne yake fitowa aikin gayya da shebur da kwanon ƙasa ya cike rami, har a yi karo-karo a sayi tifar burji. Ba rowa ce take hana shi biya ba.

Ba kowace hanya ce take bukatar katafila ba

A 2024 gwamnatin Ghana ta raba injunan hanya sama da 2,000 ga gundumomin ƙasar. Na tabbata akwai masu sha'awar a yi irin haka a nan. Ni abin da zan tambaya shi ne wa zai sayi dizal a shekara ta uku.

Darasin Kenya da Zimbabwe ya fi kama da halinmu. Sun daɗe suna amfani da ƙaramar gireda wadda tarakta take ja. Tarakta kuwa akwai bakanikenta a kusan kowane babban gari a Arewa, kayan gyaranta suna kasuwa, tana jan tankar ruwa da tirelar burji, da damina kuma ta koma huɗa. A Kenya har wa yau akwai tsarin da ake ba mutum guda kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu na hanyar da take kusa da gidansa, da shebur da diga da baro, yana share lambatu yana cike ƙananan ramuka, ana biyansa duk wata. Ramin da aka cike yana ƙarami ba ya kiran babban inji.

Wannan tsari ya fi dacewa da yankunan da 'yan bindiga suka addaba a Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, inda ba direban da zai yarda ya kwana a daji da gireda. Mutanen garin suna nan, sun san lokacin da za su fita da lokacin da za su dawo, kuma kuɗin a aljihunsu zai zauna.

Sauran magana ita ce ta direbobi. Tuƙin gireda sana'a ce ta shekaru, wanda bai iya ba sai ya mayar da hanya kwari ya kuma kashe injin. Tsofaffin da suka gaji aikin daga sassan ayyuka na zamanin En'e suna ta ritaya, wasu sun rasu, matasan da suka koya kuma kamfanonin gine-gine sun ɗauke su saboda albashi. Kowane gareji ya ɗauki yara biyu ko uku daga kwalejojin fasaha na yankin, a haɗa su da tsofaffin da suka rage, ko da kwantiragin wata shida ne a dawo da su daga ritaya, a biya su daga asusun injunan. A yi wannan a cikin kasafin shekara mai zuwa, tun masu koyarwar suna da ƙarfin hawa inji.